Masu Aikin Hannu, Ku Sa Sunanku A Jikin Aikinku

Yau maganata da 'yan'uwanmu masu aikin hannu ce, waɗanda neman abinci ya kawo su Kurmi, da kuma fataken da ke ɗauko aikin gwanayen gida su kawo shi Ikko da Badun da Fatakwal da Inugu. Ina nufin dukawa, da masu aikin wuyan riga, da masu ɗinkin hula, da maƙeran farfaru, da masassaƙa, da marina, da masu zanen ƙwarya, har da samarinmu da suka yi makaranta suka koyi zane da fenti a kan ƙyalle. Abin da zan faɗa ba shi da wuyar ganewa, sai dai na san zai yi wa waɗansu nauyi. Mun iya aiki, mun kuma iya ciniki, babu mai ja da mu a nan. Inda aka bar mu a baya shi ne sayar da aiki tare da sunan mai shi, alhali kuwa a kasuwar kayan fasaha ta yau sunan ne ke da tsada, fata da zare da katako bin sa suke yi a baya.

Wanda ke shakka ya shiga kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, wadda aka fi sani da Jakande, ko ya leƙa rumfunan da ke bakin manyan otal-otal na Ikko. Zai tarar da mutanenmu birjik, ga jakunkuna da matasan fata, ga takubba, ga awarwaro, ga tsakiya, ga kayan tagulla na Bida. Ya ɗauki abin da ya fi ba shi sha'awa ya tambaya, wa ya yi wannan? Amsar da zai samu ba ta wuce uku: daga Kano yake, ko aikin Arewa ne, ko kuwa aikin Buzaye ne. To, Kano mutum ce? Arewa tana da hannu? Wani bawan Allah ne ya duƙa kwana da kwanaki har idonsa ya yi ja, amma kafin kayan su ƙetare Kwara sunansa ya faɗi a hanya.

Wannan ba yau ta faro ba. Tun zamanin ayari ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato a ƙasar Hausa, a rina ta, a ɗora wa raƙuma su ƙetare Sahara da ita. Da ta isa hannun Turawa ta tashoshin bakin tekun Arewacin Afirka, sai suka raɗa mata suna fatar Maroko, suka yi ta rufe manyan littattafansu da ita. Akuyar tamu, jimar tamu, sunan na wasu. Har yanzu ma fatar da ake sarrafawa a masana'antun Kano tana tafiya Italiya da Sifen, a mai da ita jaka da takalmi, a manna mata sunan wani kamfani, a dawo da ita kantunan Ikko da kuɗin da majemin ba ya samu a wata guda. Ba sata suka yi ba. Mu muka sayar musu da fata ba suna, su kuwa suka gane cewa wurin sunan nan a buɗe yake, suka cike shi da nasu.

Yanzu sai mai karatu ya laluba aljihunsa, in da takardar naira 20 a ciki ya fito da ita. A gaba ga marigayi Janar Murtala Muhammad. A baya kuwa, tun daga 2007, ga wata mace zaune tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, mutuniyar garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida, irin yadda dubban mata ke koya, ba ta kuwa yi karatun boko ba. Tulunanta sun yi kyaun da har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye su a gidansa, kuma a nan ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su cikin 1950. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, Ladi kuwa ta shiga cikin 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ba ta bar irin zanenta na gida ba: kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, duk suna nan a jikin tulun. An dai ƙara masa ruwan ƙyalli, an kuma gasa shi da wuta mai tsanani. Amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya shigo, wanda shi ne dalilin kawo labarinta. A wannan makaranta kowane magini yana da hatiminsa da yake dannawa a jikin yumɓu tun yana ɗanye. Nata haruffa biyu ne, L da K, a gefen hatimin Abuja.

An kai aikinta nuni a London cikin 1958 da 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977. Ta rasu cikin 1984, amma har gobe in tulunta ya fito a gidajen gwanjo na Ingila dubban fam ake zubawa, kuma abu na farko da mai saye ke nema shi ne haruffan nan biyu. Na yarda ta samu mai jan hannunta, ba kowa ke samun Cardew ba. Amma a duba, a ƙasar Gwari akwai mata da yawa da suka ƙware a wannan sana'a a zamaninta, tulunansu sun sha ruwa sun fashe, ba wanda ya san su. Waɗanda suka danna hatimi a Abuja kuwa, irin su Halima Audu da Asibi Ido, masu tara kayan fasaha sun san su da sunansu har yau.

Mu da ke zaune a ƙasar Yarabawa ba mu bukatar tafiya nesa kafin mu ga wani misalin. A Oshogbo, cikin shekarun 1960, an tara waɗansu samari, galibinsu 'yan wasan kwaikwayo na Duro Ladipo, aka ba su takarda da fenti. Daga cikinsu aka samu Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh, wanda ya ɗauki duwatsun ado irin na kambin sarakunansu ya mai da su zanen bango. Wanda ya fi kusa da mu a sana'a shi ne Asiru Olatunde, ɗan gidan maƙera, da rashin lafiya ya hana shi aikin baƙin ƙarfe. Ya koma yin 'yan kunne na jan ƙarfe, daga nan ya shiga bubbuga zane a kan faffaɗan gorar ruwa, har aikinsa ya shiga gidajen nuni na ƙasashen waje da sunansa. Maƙeri ne fa, kamar na Bida ko na unguwannin Kano. Haka Nike Davies-Okundaye, da rinin adire ta fara, yau ga gidan nuninta a Lekki, bene hawa-hawa cike da aikin ɗaruruwan masu zane. Marinar Ƙofar Mata ta girmi wannan gida da ɗaruruwan shekaru. Marini nawa ne na Ƙofar Mata mai karatu zai iya kiran sunansa?

In ana son a ga iyakar inda suna ke kai kaya, sai a tuna da hoton Tutu, wanda Ben Enwonwu ya zana cikin 1974. Ya ɓace shekaru, aka gano shi a wani gida a London, aka yi gwanjonsa cikin Fabrairun 2018 a kan fam miliyan 1.2. Ƙyalle da fentin da ke jikinsa ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ba ina cewa kowa zai zama Enwonwu ba ne, a'a. Tsakanin fam miliyan da abin da ake ba baduku a yau akwai fili mai faɗi, kuma ko taku biyu aka matsa a cikinsa an rage wa iyali wahala.

Na san abin da wani dattijo zai ce: mu ba a san mu da yabon kai ba, gwani ba ya kiran kansa gwani, kunya ado ce. Gaskiya ne. Amma sa suna a jikin aiki ba kirari ba ne, ɗaukar alhaki ne. Wanda ya sa sunansa cewa ya yi, in ɗinkin nan ya warware ni ne, a zo a same ni. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, an kusa shekara 200 ana kiran sunansa. A kowane gari an san wane ne ya iya aska takwas, an san gidan da ake ɗinka sirdi mai kyau, sarakuna kuwa aike suke yi musamman wurin wane, ba wurin kowa ba. Watau a gida baki ne ke riƙe da sunan, domin kowa ya san kowa. Da kaya suka yi tafiyar kwana biyu a mota zuwa inda ba a san kowa ba, sai bakin ya kasa biyo su. Abin da baki ya kasa, sai hatimi da takarda su yi.

Yin sa kuwa ba wuya. Baduku ya sa maƙeri ya yi masa ɗan tambari na ƙarfe, ya riƙa dannawa a cikin jaka ko a ƙarƙashin matashi. Mai ɗinkin hula ko riga ya ɗinka alamarsa daga ciki. Masassaƙi ya ƙona tasa a gindin aiki. Mai zane ya sa hannu da shekara a kusurwa, ya kuma rubuta a bayan ƙyallen. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, ajamin ma ya fi jan idon baƙo. Abin lura kawai shi ne alamar ta zama guda, kada a yi ta sauya ta. Sa'an nan kowane aiki ya tafi da 'yar takarda mai ɗauke da sunan mai yi, da garinsu, da shekara, da abin da aka yi shi da shi, da sunan zanen in yana da suna. Zanenmu kuwa suna gare shi: dagi, aska biyu, aska takwas, da sauransu. Mai saye da ya koma gida yana so in baƙo ya yaba abin da ke bangonsa ya sami abin faɗi. In ka ba shi labarin, ka ba shi dalilin biya da kyau, ka kuma ba shi hanyar aiko maka da abokinsa.

Akwai matan aure a gida da ke ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarma, waɗanda ba za a so sunansu ya yi yawo a kasuwa ba. Wannan ba ya hana komai. A yi alama ta gidan, ko ta unguwa, ko ta ƙungiyarsu, muddin in aka ga alamar za a iya komawa ga hannun da ya yi, kuma ƙarin kuɗin ya isa gare shi.

Yanzu ga babbar magana, domin na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su ne ke yin kayan ba, su ne ke kawo su. Falke zai ce, malam, so kake ka kashe mini kasuwa? In na faɗi sunan baduku da garinsu, gobe mai saye ya tsallake ni ya tafi wurinsa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma dillanci sana'a ce mai asali. Sabon Badun, tun kafuwarsa cikin 1916, a kan amanar maigida da dillali ya tsaya: su ke sauke baƙo, su tsaya masa a cinikin shanu da goro, su ɗauki lamunin bashi, su karɓi la'adarsu ta halal. Ba wanda zai ce a kawar da dillali, ni ma ban ce ba. Amma a duba yadda manyan gidajen nunin zane ke yi, a Ikko ko a London. Su ma dillalai ne, ba wani abu ba. Sukan ɗauki kashi mai tsoka, sau da yawa har rabin kuɗin. Duk da haka ba su ɓoye sunan mai zane, buga shi suke yi da manyan haruffa a bakin ƙofa, domin sun gane cewa in sunan ya tashi, rabonsu ya tashi. Attajirin da ke zaune a Ikoyi ba zai hau mota zuwa Sakkwato neman baduku a lungu ba. Yana so ne ya sami amintaccen mutum a kusa da zai ce masa, aikin wane a wurina kaɗai ake samunsa a garin nan. Falken da ke sayar da jaka mara suna yana gasa da rumfa hamsin masu irinta, kowa na karya wa ɗan'uwansa farashi. Wanda ke riƙe da aikin gwani sananne ba shi da abokin gasa.

Sai dai amana ta tafi ta ɓangare biyu. In falke ya ɗauki nauyin tallata sunanka, kai mai aiki kada ka zagaya ta baya ka sayar wa mutanensa da araha. Kuma duk inda za a bar kaya a sayar kafin a biya, ko a rumfar ɗan'uwa ne ko a gidan nuni, a rubuta. Kaya guda nawa, kowanne nawa za a sayar, nawa ne rabon mai rumfa, yaushe za a biya, wa zai ɗauki hasara in ruwa ya taɓa ko an sace, yaushe za a dawo da abin da bai shiga ba. Kowa ya riƙe kwafi, a ɗauki hoton kayan da waya. Masu cewa rubutu rashin yarda ne su tuna yawan zumuncin da ya lalace a zango a kan na ba ka goma, a'a takwas ka ba ni.

Sai batun farashi, inda nake ganin mun fi cutar kanmu. Yawancin masu aikin hannu kuɗin kayan aiki kaɗai suke ɗauka a matsayin uwar kuɗi, kwanakinsu ba sa cikin lissafi. Bari mu yi misali. A ce fata da rini da zare da zif na jaka guda sun ci naira 9,000, aikin kuma ya ɗauki kwana huɗu. Mai saye ya taya 15,000, baduku ya ce ya sallama, yana murna ya ci ribar 6,000. Ashe kwana huɗunsa ya sayar a kan 1,500 kowace rana, abin da ɗan dako ba zai karɓa ba. In da ya yanka wa kansa ladan yini ko da 6,000 ne, ya haɗa da kuɗin mota da na haya kamar 3,000, zai ga jakar ta tsaya masa a kan 36,000 kafin a yi maganar riba, balle ladan gwaninta da ya shekara ashirin yana tarawa. Wani zai ce ai ba mai saye a haka. Wataƙila a rumfar da yake ba mai saye. Amma gara ya san gaskiyar lissafin, sa'an nan ya zaɓa: ko ya nemi wata kasuwa, ko ya raba aikinsa biyu, na yau da kullum mai sauƙi da arha, da na musamman wanda zai sa wa suna ya tsaya a kan kuɗinsa.

Kuma a rage al'adar farashi biyu, na Bature daban, na baƙar fata daban, a fara da ninki biyar a sauko. Taya da albarka suna da daɗi a cinikin rago. A kayan fasaha kuwa, wanda ya saya 50,000 jiya, yau ya ji abokinsa ya samu a 20,000, ba zai dawo ba, kuma da waya a hannun kowa sai ya ji. Mai tara kayan fasaha yana so ya tabbata abin da ya saya ba zai zube ba. Farashi ya riƙa hawa sannu a hankali, kada ya riƙa tsalle sama da ƙasa.

Akwai wata ɗabi'a da ba zan yi shiru a kanta ba, ko da za a ji haushina. Ita ce tsufar da kaya da gangan: a sassaƙa abu jiya, a rataye shi a hayaƙin murhu, a shafa masa toka da manja, a binne shi kwana kaɗan, a fito da shi a ce na kakanni ne. Mutanenmu sun yi suna wajen fataucin sassaƙe-sassaƙe daga Ikko har Abijan, kuma wannan ɗabi'a ta ɓata wa na kirki suna tare da na banza. Algus ne, ba shi da wani suna. Bayan haka wauta ce ta ciniki, domin kayan da aka ce na da ne dole a ɓoye wanda ya yi shi, watau an binne gwanin tare da aikinsa. Sa'an nan ga doka. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, ta kuma hana fita da su ba da takarda ba. Saboda haka in kayan na da ne da gaske, ka taka doka. In na ƙarya ne, ka yi zamba. Shi kuma mai sayen sabon aiki, in abin ya yi kama da tsoho, yana iya shan tambaya a filin jirgi. Rasit mai sunan wanda ya yi da shekarar da aka yi yana sauƙaƙa masa samun takardar fita daga gidan tarihi na Onikan. Ka ga nan ma sunan ya yi rana.

Mu kuma lura cewa masu saye sun sauya. Dattawan da suka ga bikin FESTAC na 1977, da zamanin da ake shimfiɗa kaya a harabar tsohon otal ɗin Ikoyi, sun saba da jiran Bature. Yanzu kuɗin yana hannun 'yan ƙasa: masu gina otal da ofisoshi, masu ƙawata gidaje, teloli masu fitar da sabon yayi da ke neman gwanin aikin wuya, masu biki da ke son abin rabo ɗari biyu iri ɗaya, da 'yan Nijeriya mazauna waje da ke cika Ikko kowace Disamba suna neman abin komawa da shi. Tun 2008 ake gwanjon zane a Ikko, tun 2016 kuma ake babban baje kolin Art X. Mutumin Kudu yau yana sa hular Arewa ranar aurensa. Waɗannan mutane ba tsoho suke nema ba, mai kyau suke nema, mai tsabta, wanda za a kawo ranar da aka yi alkawari. Wanda ke ƙyamar zana mai rai kada ya ga kamar an rufe masa ƙofa, gama abin da ake sha'awa a aikinmu shi ne zayyana, irin ta bangon gidajen Zariya da Kano da ta ƙirjin riga, kuma ƙalilan ne suka ɗauke ta suka sa a ƙyallen rataya ko a allon katako da sunansu.

Waya ta kawo sauƙi, ba sai na daɗe a kanta ba, yaranmu sun fi ni sani. A ɗauki hoto da hasken rana a kan fili mara tarkace, a faɗi tsawo da faɗi, a nuna hannu yana aikin, domin mutane na son ganin yadda ake yi. A sa a WhatsApp da Instagram da suna guda, wanda ke jikin tambarin. Aikin da aka yi oda a karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan aiki. Kada kaya su bar hannu a kan saƙon waya mai cewa kuɗi sun shiga, a duba asusu tukuna, gama saƙon bogi ya yi yawa. In za a aika ta tasha, a naɗe da kyau, a rubuta lambar direba da ta mota.

Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasar nan ma ta tanadi cewa mai zane yana da rabo in aka sake sayar da aikinsa a gwanjo ko ta hannun dillali, irin tsarin da Faransa ta fara cikin 1920, Ingila ta bi cikin 2006. To, ko da an tashi bi wa mutum wannan haƙƙi, wa za a bi wa in ba a san wanda ya yi ba?

Duk wannan magana akwai abin da ke iya rushe ta, shi ne yunwa. Mai aiki ya san jakarsa ta fi abin da aka taya, amma magariba ta yi, ba a ɗora tukunya ba, mai gidan haya kuma yana bakin ƙofa. Dole ya sallama. Mutum ɗaya ba zai iya tsayawa a kan farashi ba, sai jama'a. A nan ne nake kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, da shugabannin 'yan kasuwar Lekki. Muna da ƙungiyar mahauta, muna da ta 'yan goro, muna da ta masu canji, kowacce da shugabanta da asusunta. A yi wa masu aikin hannu irinta. A buɗe littafi a rubuta sunan kowane gwani da alamarsa, don kada wani ya kwaikwayi tambarin wani, in kuma an kwaikwaya a san inda za a kai ƙara. A kafa adashi wanda mai aiki zai ranta ya ci abinci ya riƙe aikinsa mako biyu har mai saye na gaske ya zo. A haɗa kuɗi a kama rumfa guda a baje kolin kasuwanci na Ikko da ake yi kowace Nuwamba, a jera aikin mutum goma, kowanne da sunansa da garinsu a rubuce a gabansa. Kuɗin rumfar ya fi ƙarfin baduku ɗaya, amma bai fi ƙarfin mutum talatin ba, kuma in aka fara tarawa tun daga watan azumi ko kafin haka, ba wanda zai ji nauyinsa.